Zanen fiksel: waya ko kwamfuta, kuma da me za a share bayan hoto?

Ɗan yayata da ke karatu a Gwallameji ya turo mini wani ɗan hoto ta WhatsApp. Masa ce guda uku a faranti, ya zana ta ɗigo-ɗigo irin na wasannin kwamfuta na da, yana so ya mayar da ita sitika don mahaifiyarsa ta riƙa tura wa masu yi mata oda. Zanen bai yi laifi ba. Abin da ya ɓata shi, yaron ya kai shi wani shafin intanet mai cire bayan hoto da kansa, shafin ya cinye gefen farantin, ya kuma bar wata farar ƙura zagaye da masar. "Kawu," in ji shi, "ko dai in tara kuɗi in sayi manhajar Aseprite ne? An ce da shi ƙwararru ke aiki."

Tambayoyi biyu ya cure wuri guda. Inda za ka yi zanen daban, yadda bayansa zai zama wayam, wato babu komai a wurin sai abin da aka ɗora shi a kai, daban, kuma ta biyun ce ta kayar da shi, ba ta farkon ba. Tun da na san ba shi kaɗai ba ne a garin nan mai wannan ruɗani, bari in baje abin da na gani a aikace.

Duk wanda ya riƙe Nokia 3310 a farkon zuwan wayar salula Najeriya a 2001 ya riga ya san zanen fiksel, ko bai san sunansa ba. Fuskar wayar nan ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, jimla 4,032, kuma a cikinsu aka cusa agogo da saƙo da macijin da ya cinye mana lokaci. Mai saƙar tabarma ma aikin da yake yi ke nan. Ba shi da hanyar jan layi a karkace sai hawa-hawa, gida bayan gida, amma idan ka ja da baya sai idonka ya haɗa su ya ga zane. To manhajar da ta dace da wannan aiki ita ce wadda za ta bar ka ka ajiye ɗigo ɗaya a gida ɗaya, da launi ɗaya tak, ba ta yi maka shisshigin lausasa gefe ba. Da wannan ma'auni nake auna su duka.

Mu fara da waya, don ita ce a hannun kowa. Kuskuren farko da ake yi a nan sunan PixelLab ne. Masu haɗa fostar biki da katin gayyata sun san ta sarai, tana da kyau wajen ɗora rubutu a kan hoto, amma duk da sunanta ba ta zanen fiksel ba ce. Waɗanda aka gina don aikin su ne irin Pixel Studio da dotpict. Pixel Studio tana da leya-leya, wato shimfiɗun zane da ake ɗora ɗaya kan ɗaya, tana yin hoto mai motsi, tana fitar da hoto a tsarin PNG, kuma kyauta ce idan za ka jure talla. Ita kuwa dotpict, ta mutanen Japan, dabara ɗaya ce ta sa nake ganin girmanta: ba inda yatsanka ya taɓa take zanawa ba. Kana jan ɗan alƙalami a kan allo, idan bakinsa ya kai gidan da kake so sai ka danna maɓalli a ƙasa. Wanda ya taɓa gwada saka ɗigo ɗaya da babban yatsa a ƙaramar waya ya san darajar wannan, don yatsan ne ke rufe abin da kake son gani. Akwai kuma ibisPaint X da masu zane da yawa suka saba da ita. Tana iya ajiye hoto da baya wayam, sai dai yawancin burushinta masu laushin gefe ne, dole ka nemo mai kaifi, in ba haka ba kowane ɗigo zai fito da 'yan rakiya.

Ribar waya a fili take. An ɗauke wuta kana aiki, kana cikin Keke daga Yelwa zuwa Wunti kana aiki, data ba dole ba ce. Asararta sauri. Abin da linzamin kwamfuta da maɓalli biyu za su yi a daƙiƙa uku, a waya sai ka zuƙo hoto, ka matsar, ka danna, ka koma. A allo mai gida 16 ko 32 kowane gefe wannan ba komai ba ne. Idan ka kai 128, ko kana haɗa motsi mai hoto goma sha biyu, wuyanka zai gaya maka.

A kwamfuta, mafi sauƙin shiga ita ce Piskel. Kyauta ce, a burauza take buɗewa, akwai kuma wadda ake saukewa a yi aiki ba intanet. Abin da na fi so game da ita ga ɗan koyo: allonta wayam yake buɗewa tun farko, don haka matsalar ɗan yayata ba ta ma tasowa. Akwai ɗan akwati a gefe da ke nuna maka motsin zanen kana cikin yi. Kayan aikinta kaɗan ne, kuma wannan alheri ne a makon farko. Gargaɗi ɗaya: kada ka dogara da ajiyar cikin burauza, musamman a kwamfutar shagon da ba naka ba. Ranar da aka share tarihin burauzar aikinka ya tafi. Sauke fayil ɗin ka sa a filasha.

Sai Aseprite, wadda David Capello ɗan ƙasar Ajantina ya gina. Gaskiya ne, ita ce ta fi shahara a wurin masu yi wa wasanni zane, kuma ba a banza ba. Kuɗinta kusan dala 20 ne, biya ɗaya, ba na wata-wata ba, amma biyan dala da katin naira ba kullum yake tafiya sumul ba. Akwai ta gwaji, sai dai ba ta ajiye aiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, har zuwa 2016 Aseprite tana ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar ɗauka ya gyara ya raba. Da aka canza lasisin a shekarar, sai wasu suka ɗauki tsohon tushen suka ci gaba da shi da sunan LibreSprite, kyauta. Kamanninsu ɗaya, maɓallan kusan ɗaya, kuma wanda ya koyi ɗaya ya koyi ɗayar. Aseprite ta wuce gaba da sababbin abubuwa, kamar tsarin shimfiɗa taswirar wasa da ya zo a siga ta 1.3, amma ɗan koyo zai yi watanni bai kai inda zai ji rashinsu ba.

Dalilin da zai sa ka bar Piskel ko waya ka koma ɗaya daga cikin biyun nan yana cikin dabarun zanen kansu, don haka bari in tsaya a kansu kaɗan.

Layi shi ne jarrabawar farko. Idan ka ja layi mai lanƙwasa da hannu sake, a kowace kwana ɗigo biyu za su cunkushe su yi kusurwa mai kauri, layin ya fito kamar igiyar da aka ƙulla. Aseprite tana da wani zaɓi mai suna Pixel-perfect da ke cire wannan ƙarin ɗigon kana cikin ja. A manhajar da ba ta da shi, da hannu za ka bi ka tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ina ganin ɗan koyo ya yi tsintar da hannu na 'yan makonni tukuna, don a nan ido ke koyon ƙidaya. Layin da ya karkata, hawansa ya zama daidai: biyu, biyu, biyu, ko ɗaya, ɗaya, ɗaya. Idan ka yi biyu, uku, ɗaya, biyu, zai fito kamar haƙoran zarto. Gefen abu mai zagaye kamar masa kuwa, tsawon hawan ya riƙa raguwa a jere sannan ya ƙaru a jere: huɗu, biyu, ɗaya, ɗaya, sannan a juya. Da lissafin nan ya karye sai masar ta zama ƙosai.

Launi kuma, ƙarancinsa ne gishirin aikin. Na'urar wasa ta Game Boy da ta fito a 1989 launi huɗu kacal take nunawa a allo mai ɗigo 160 da 144, kuma an yi wasanni masu kyau a haka. Fara da huɗu zuwa takwas. Shafin Lospec cike yake da jerin launukan da wasu suka riga suka daidaita, ɗauki ɗaya ka tsaya a kansa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sa duhu zagaye da gefen abu da haske a tsakiya, kamar matashin kai. Zaɓi inda rana take, a ce sama ta hagu, inuwa ta faɗi ƙasa ta dama a kan kowane abu da ke cikin hoton. Kuma inuwa ba baƙi ba ce da aka zuba a kan launi. Inuwar masa ta karkata zuwa ja-ja mai ruwan ƙasa, haskenta ya karkata zuwa rawaya, sai ta yi kamar yanzu aka kwashe ta daga tanda. Akwai kuma dabarar barbaɗe, inda ake jera launi biyu ɗaya-bar-ɗaya don ido ya ga na uku a tsakaninsu. Tana kyau a sararin sama ko yashi mai faɗi, amma a allo mai gida 32 yawanci datti take zama. A nan Aseprite da LibreSprite suka yi wa sauran nisa: idan ka sa zanen a tsarin launi mai lamba, ka canza launi ɗaya a jerin, duk inda yake a hoton zai canza nan take.

GIMP fa, manhajar gyaran hoto ta kwamfuta? Tun 1995 ake gina ta, siga ta 3.0 ta fito a watan Maris na 2025, kyauta ce, kuma za ta iya zanen fiksel idan ka ɗauki fensir mai girman ɗigo ɗaya maimakon burushi, ka kunna layin gidaje, ka sa magogi ya zama mai kaifin gefe. Amma kamar ɗaukar tirela ne zuwa cefane a kasuwar Muda Lawal. Ban ba ɗan koyo shawarar ya fara zane a cikinta ba. A ajiye ta don aiki na biyu, wato share baya, inda take da amfani ƙwarai.

Hanya mafi kyau ta cire bayan zanen fiksel ita ce kada ka sa masa baya tun farko. Rigakafi ya fi magani. Lokacin buɗe sabon allo a Aseprite ko LibreSprite za a tambaye ka: wayam, fari, ko baƙi. Zaɓi wayam, za ka ga ƙananan murabba'ai masu ruwan toka kamar allon dara, alamar babu komai a wurin ke nan. Idan idonka na son ganin launi a baya kana aiki, buɗe leya ta daban a ƙasa ka zuba mata, ka kashe ta kafin fitarwa. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar. A na'urar wasa ta NES, kowane ɗan hoto mai motsi launi uku ne gare shi, gurbi na huɗu kuwa na wayam ne, don a ga abin da ke bayansa.

To idan aikin gama ya gama, baya ya riga ya manne, hanyoyi uku ne a gabanka, kuma ba ɗaya suke ba.

Ta farko, shafuka da manhajoji masu cirewa da kansu, irin remove.bg, wanda kamfanin Canva ya saye a 2021. Don hoton kyamara aka yi su, musamman na mutum. Ba su hoton amarya da mayafi, ko ɗan takara da babbar riga, za su yi maka aikin da zai ɗauke ka rabin awa a daƙiƙa biyar, kuma laushin gefen da suke bari shi ke sa gashi da bakin mayafi su zauna da kyau a kan sabon baya. Wannan laushin shi ne guba ga zanen fiksel. Suna mayar da ɗigon gefe shara-shara, rabi akwai rabi babu, shi ne farar ƙurar da yaron ya gani. Sannan na'urar hasashe take yi game da abin da ke hoto da abin da ke baya, shi ya sa ta ɗauki farin faranti a matsayin bango. A remove.bg kuma, na kyauta ƙaramin hoto yake ba ka, kusan rubu'in megafiksel, wato rubu'in ɗigo miliyan ɗaya. Ga zanen fiksel, a bar wannan hanya gaba ɗaya.

Ta biyu, umarnin Color to Alpha na GIMP. Mutane na son sa don danna ɗaya ne, amma a fahimci abin da yake yi: ba farin baya kaɗai yake cirewa ba, yana zare fari daga cikin kowane launi da ke hoton. Ga sa hannu da aka yi da biro a farar takarda, ko hatimi, ko zanen lalle da aka ɗauka a hoto, babu kamarsa, don yana barin tawada da laushinta. Ga masa, wadda ita kanta fara-fara ce, sai ta koma kamar labulen leshi. Ka ɗora ta a baƙin baya ka ga ta yi duhu kamar ta ƙone.

Ta uku ita ce ta gaskiya: zaɓe da launi. A Aseprite da Photopea, wata manhajar gyaran hoto ta cikin burauza, sunan kayan aikin Magic Wand, a GIMP kuma Fuzzy Select da Select by Color. Abu uku za ka saita kafin ka danna. Lambar sassauci, wadda wasu ke rubuta Tolerance wasu Threshold, ka mayar da ita 0, don a ɗauki launin da ka taɓa shi kaɗai ban da 'yan uwansa. Ka kashe duk wani zaɓi na lausasa gefe. Sannan ka yanke shawara ko yankin da ke manne da inda ka danna kaɗai kake so, ko launin duk inda yake. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Idan buta ka zana, zaɓen yanki mai manne zai bar fari a cikin ramin mariƙinta, sai ka sake dannawa a can. Idan kuma ka ce a ɗauki fari duk inda yake, farin idon giwar Yankari da ka zana da haurenta za su tafi tare da bangon. Don gudun haka ne masu wasannin da suke cika baya da wani shuɗi-ja mai ƙyalli, lambarsa 255, 0, 255, launin da ba wanda zai sa a jikin zane. A GIMP akwai tarko guda: idan hoton ba shi da alfa, wato ma'ajiyar bayanin inda ke wayam, ka danna sharewa sai ta cika wurin da launin baya. Fara da Add Alpha Channel. A waya, PixelLab tana da goge launi mai aiki kusan haka, sai a rage sassaucin sosai a kuma duba gefen da kyau.

Duk wannan zai yi aiki ne idan hoton bai taɓa zama JPEG ba, kuma a nan ne labarin ɗan yayata ya ƙara cakuɗewa. JPEG, da aka tsara a 1992 don hotunan kyamara, ba ya ɗaukar wayam ko kaɗan, kuma yana matse hoto ta hanyar yanka shi murabba'ai masu ɗigo takwas-takwas yana zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba. A hoton biki ba ka gani. A zane mai kaifin gefe, farin baya sai ya tashi daga fari ɗaya ya zama farare iri-iri, launi huɗunka su haifi ɗaruruwa. Sassauci 0 ba zai kama komai ba sai tsilli-tsilli. WhatsApp kuwa, idan ka tura hoto a matsayin hoto, matse shi yake yi, wayam ɗin ya tafi. Tura shi a matsayin dokumen, ya isa yadda ka ajiye shi.

Don haka PNG za ka fitar. Tun 1996 yake, ba ya zubar da ɗigo ko ɗaya, kuma a tsarinsa na yau da kullum yana riƙe matakin shara-shara har 256. GIF ya girme shi, launi 256 ne iyakarsa, wayam ɗinsa kuma ko akwai ko babu, ba tsaka-tsaki. Ga hoton mutum wannan aibi ne, ga zanen fiksel mai motsi kuwa daidai wa daida, tun da ba ma son tsaka-tsakin. Kada hankalinka ya tashi idan ma'ajiyar hotunan wayarka ta nuna bayan PNG baƙi ƙirin ko fari fat, wasu haka suke nuna wayam. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka ɗora hoton a kan leya mai launin ja ko kore. Da wannan gwajin kuma za ka kama hotunan bogi da ake saukewa daga intanet, waɗanda aka zana musu allon dara a jiki don su yi kama da wayam.

Saura girma. Zane mai gida 32 ƙanƙane ne ƙwarai, ko'ina ka ɗora shi za a ja shi ya dushe. Kai za ka ƙara masa girma da kanka kafin ya fita, da cikakkiyar lamba, kuma da hanyar da ake kira Nearest Neighbor, a GIMP kuma a zaɓi None wurin Interpolation. Sitikar WhatsApp ɗigo 512 ne kowane gefe, a tsarin WebP, kuma marar motsi kada ta wuce kilobayit 100. Ka ga 32 sau 16 ya ba da 512 cif, 64 sau 8 ma haka. Idan kuma hoto mai 1080 kake nufi don Instagram, 32 ba ya shiga cikinsa daidai, wasu ɗigogin za su fi wasu faɗi. Fara da allo mai 36 ka ninka sau 30, ko 40 sau 27, ko 60 sau 18. Wannan lissafi kafin a fara zane ake yinsa.

Abin da na gaya wa yaron shi ne ya riƙe kuɗinsa. Wanda waya kaɗai gare shi, Pixel Studio ko dotpict sun ishe shi sitika da tambari da koyon layi da launi. Wanda ke samun kwamfuta jefi-jefi ya ɗauki Piskel. Mai laftof nasa na kansa ya sauke LibreSprite, ya ajiye GIMP a gefe don gyara hotunan da wasu suka turo masa a lalace. Aseprite sai ranar da wani ya fara biyan ka don zane mai motsi, a lokacin dala 20 ɗin za ta fito daga aikin da kanta.

Masar kuwa, asalin fayil ɗin ya riga ya ɓata, JPEG ɗin da ya bi ta WhatsApp kaɗai ya rage. Na gwada sassauci 20, ya kama bangon amma ya bar gefe duk ƙura. Sai na ce ya zo ranar Asabar. Muka buɗe sabon allo wayam mai gida 32, muka shimfiɗa tsohon a ƙasa a dushe, ya bi shi ɗigo bayan ɗigo a sabuwar leya. Gida 1,024 ne duka allon, masar da farantin ba su cika shi ba, kafin la'asar ya gama. Muka bar gida ɗaya wayam a kowane gefe, muka zagaye farantin da farin layi mai kaurin ɗigo ɗaya don ya fito ko a wayar da aka sa wa baƙin baya. Da ya nuna wa Yaya, ta juya wayar sama da ƙasa ta ce masar ba ta soyu ba, ita tata ba ta fita daga tanda fara haka. Ya koma ya ƙara ruwan ƙasa a gida shida.